Wake, dodo da ganye mai gishiri: yadda Japanawa ke tarbar lokacin haru

Tambaya: Na ga wani bidiyo daga Japan, yara suna jifan wani mutum mai fuskar dodo da wake, aka ce wai murnar shigowar bazara suke yi, alhali dusar ƙanƙara na zuba a waje. Daga baya na ga wani abin zaƙi ruwan hoda an naɗe shi da ganye, shi ma aka ce na bazara ne. Ni sana'ata nakiya da alkaki, shi ya sa abin ya ja hankalina. Mene ne asalin waɗannan al'adu, da me suka yi imani, kuma Musulmi zai iya cin irin waɗannan kayan zaƙi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin mu je ga dodo da wake, akwai kalma ɗaya da ya kamata mu daidaita, don ita ce tushen ruɗanin. Lokacin da Japanawa ke kira haru, gidajen rediyo sun saba fassara mana shi da "bazara". To amma bazararmu zafi ce, rijiyoyi sun ja baya, ido na gabas ana jiran hadari. Haru kuwa fitowa ce daga sanyi mai tsanani: ƙanƙara na narkewa, bishiyoyin da suka kaɗe ganye suna toho, ƙasa na komawa kore. In ma za a kwatanta, ya fi kama da makonnin farkon damina. Saboda haka zan riƙa kiransa da sunansa, haru.

Shi kuma ba rana ɗaya yake shigowa ba. Daki-daki yake zuwa, daga farkon Fabrairu har ƙarshen Afrilu, kowane mataki da al'adarsa da abin zaƙinsa. Furen sakura, bishiyar ceri ta Japan, da duniya ta fi sani kusan a ƙarshen layi yake. Abin da ya ɗaure matakan nan wuri guda wani tsohon tunani ne, cewa mahaɗar yanayi biyu wuri ne mai rauni, kamar ƙofar da aka manta a buɗe, ta nan cuta da miyagun iskoki ke shigowa gida. Duk wanda ya san yadda mura da tari ke kwantar da mutane idan yanayi ya juya, ya san inda tunanin ya samo tushe. Yawancin kayan zaƙin da kika gani, tun kafin su zama na marmari, kariya aka ɗauke su.

Batun dusar ƙanƙara kuwa, lissafin kalanda ne. Japan ta aro daga ƙasar Sin tsarin raba shekarar rana gida 24, kowane gida kwana 15 ko kusa da haka. Gidan da ake kira risshun, wato "tsayuwar haru", yana faɗowa wajen 4 ga Fabrairu, daidai lokacin da sanyi ya kai maƙura. Hikimar ita ce, abin da ya kai maƙura juyawa zai yi. Wuni ya riga ya fara tsawo ko da jiki bai shaida ba tukuna. Kowane gida an sake kasa shi uku, ya zama 72, kwana biyar-biyar, kowanne da sunansa. Na farkon risshun "iskar gabas ta narkar da ƙanƙara", na biyu "tsuntsun uguisu ya fara kuka", na uku "kifi ya leƙo daga ƙanƙara". A da, sabuwar shekararsu ta wata tana zuwa ne dab da risshun, shi ya sa jajiberinsa ya zama tamkar daren rufe shekara. A 1873 gwamnatin Meiji ta koma kalandar Turawa, mutane suka ci gaba da yin bukukuwan da ke bin wata a kan lambobin ranakun da suka saba, sai bukukuwan suka riƙa zuwa da wuri, da kimanin wata guda. Ki riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi.

Jajiberin nan shi ne setsubun, abin da kika gani a bidiyo, ma'anarsa "rabuwar yanayi". Galibi 3 ga Fabrairu ne, amma a 2021 da 2025 ya faɗo ranar 2, kuma kafin 2021 rabon da a ga haka tun 1897. Asalinsa wata hidimar fada ce mai suna tsuina, ita ma daga Sin, wadda tarihi ya nuna an yi ta a shekarar 706, zamanin Sarki Monmu, sa'ad da annoba ta kashe talakawa da yawa. Jifa da wake ya bayyana a rubuce ne daga ƙarni na 15. A gidajen yau, da dare za a buɗe ƙofa da tagogi, uba ya ɗaura fuskar dodo, yara su ɗebi gasasshen waken soya su yi ta jifansa suna cewa "Oni wa soto! Fuku wa uchi!", wato "Dodo waje! Alheri ciki!" Sai a yi maza a rufe ƙofa. Daga nan kowa ya ƙirga wake adadin shekarunsa, wasu su ƙara ɗaya na shekara mai kamawa, ya ci da fatan lafiya.

Siffar dodon nan, oni, da dalilinta. A tsohon lissafin kusurwoyi, arewa maso gabas ita ce kimon, "ƙofar dodanni", kuma dabbobin da ke wakiltar kusurwar su ne sa da damisa. Shi ya sa ake zana oni da ƙahon sa da banten fatar damisa. Babban gidan bautar Enryaku-ji da ke kan dutsen Hiei, arewa maso gabashin Kyoto, an daɗe ana ɗaukarsa mai tsare wa birnin wannan ƙofa.

Me ya sa wake? Hatsi a wajensu abu ne mai ƙarfin rai, sannan akwai wasa da kalma: mame wake ne, amma sautin na iya nufin "idon shaiɗan" ko "hallaka shaiɗan". Dole kuma ya zama gasasshe. In ɗanye ne, ƙwayar da ta ɓace a tsakar gida za ta iya tsira, kuma tsirowar waken da ya kwashi sharri mugun abu ne a ganinsu. A Hokkaido da arewacin ƙasar gyaɗa mai ɓawo ake jefawa, don ta fi sauƙin tsincewa a cikin dusar ƙanƙara, ɓawon kuma ya kare ta daga datti.

Wasu gidaje suna soke gasasshen kan kifin sadin a reshen hiiragi, wani ice mai ganye mai ƙaya, su maƙala a bakin ƙofa: wari ya kori dodo, ƙaya ta tsone masa ido. Wanda ya fi burge ni shi ne na gidan bautar Narita-san, kusa da filin jirgin saman Narita. Can "Alheri ciki" kaɗai ake faɗa, ba a cewa "Dodo waje", don a aƙidarsu ko dodo ne ya zo gaban abin bautarsu, Fudo, tuba yake yi, babu wanda ya rage a kora. Washegarin setsubun da asuba gidajen bautar Zen, wani reshe na addinin Buda, kan manna takarda mai haruffa huɗu, risshun daikichi, "babban rabo na shigowar haru". Kowane harafi a cikinsu gefensa na dama daidai yake da na hagu, don haka ta gaba da ta baya karatu ɗaya ne. Labarin da ake bayarwa shi ne, dodo in ya shiga ya waiwayo ya hangi rubutun, sai ya zaci bai shiga ba tukuna, ya sake ratsa ƙofar, ya tsinci kansa a waje.

Akwai kuma ehomaki, doguwar naɗaɗɗiyar shinkafa da ake ci a daren ba tare da an yanka ba, ba magana, ana fuskantar kusurwar sa'a ta shekarar. Wannan kam ba tsohuwar al'adar ƙasa ba ce. Ta mutanen Osaka ce, shagunan 7-Eleven suka fara sayar da ita a Hiroshima a 1989, suka baza ta ko'ina a 1998. Na ambace ta ne don kada a ɗauka duk abin da aka kira al'adar Japan ya shekara dubu. Kada kuma ki ɗauka kowane ɗan Japan ya yarda akwai dodo a bakin ƙofarsa. Shinto, addinin gargajiyar Japan, da addinin Buda da tsohon ilimin Sinawa ne suka cakuɗe suka zama al'adar gida, kuma uban da ya ɗaura fuskar nan, yawanci burinsa yara su yi dariya, su san shekara ta juya.

Yanzu ga ɓangarenki. Kayan zaƙin gargajiya na Japan sunansu wagashi, kuma ba su da alaƙa da wagashin 'yan'uwanmu na Gana da Benin, cukun nonon shanu. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Ginshiƙansu biyu. Akwai mochi, wata shinkafa mai danƙo da ake jiƙawa, a turara, a kirɓa a turmi da gudumar katako, mutum ɗaya na duka ɗaya na juyawa da jiƙaƙƙen hannu, har ta zama curi mai talewa. Akwai kuma wanda suke kira "an", jan waken azuki da aka dafa da sukari har ya dame ya yi kauri. Ba mai, ba man shanu, ba citta, ba kanumfari. Nakiyarki tana wata da watanni ba ta yi komai ba, shi ya sa take shiga gara. Ɗanyen wagashi kwana ɗaya ko biyu ne ransa. Da koren shayi mai ɗaci ake cinsa, zaƙin ya share wa ɗacin hanya. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce abin zaƙi ya riga yanayi da 'yan kwanaki. Kafin fure ya buɗe a bishiya ya riga ya buɗe a faranti, in ya kaɗe kuma tsofaffin shaguna su daina yinsa.

Furen farko ba sakura ba ne, ume ne, wanda ke buɗewa a Fabrairu a kan reshe ba ganye, wani lokaci da dusar ƙanƙara a kansa, ga ƙamshi. Mutanen da sun fi girmama shi. A Man'yoshu, kundin waƙoƙinsu mafi tsufa, na ƙarni na 8, waƙoƙin ume sun kai wajen 120, na sakura 40 da ɗoriya. Sunan da ba ya rabuwa da shi shi ne na Sugawara no Michizane, malami kuma waziri, wanda makircin fada ya sa aka kore shi zuwa Dazaifu a 901, ya rasu can a 903. Ana ba da labari cewa bishiyar ume ta gidansa a Kyoto ta yi kewarsa har ta tashi sama ta bi shi cikin dare ɗaya. Daga baya aka mai da shi abin bautar ilimi, kuma da yake jarrabawar shiga manyan makarantu tsakanin Janairu da Maris ake yinta, lokacin furen ume ɗalibai ke cika wuraren bautarsa. A kan hanyar shiga na Dazaifu ana gasa umegae mochi, da damun waken "an" a ciki da tambarin furen a bayansa.

Abokin ume a waƙa da zane shi ne uguisu, ɗan tsuntsun da kukansa ke shelar haru. Abin zaƙinsa, uguisu mochi, ba wahala gare shi: a naɗe damun waken "an" cikin mochi mai laushi, a ɗan matse gefe biyu su yi tsini kamar baki da wutsiya, a barbaɗa garin koren waken soya. Ba ido, ba fiffike. Wannan nake so masu sana'a irinki su lura da shi. Ba sa ƙera tsuntsun, ishara kawai suke yi, mai ci ya ƙarasa da zuciyarsa.

Bayan risshun akwai ranar da iska mai ƙarfi da ɗumi ke kaɗowa daga kudu karo na farko, haru ichiban. Yau a labaran yanayi albishir ce, amma kalmar ta masunta ce kuma ta tsoro ce: a 1859 irin wannan iska ta kifar da jiragen masuntan tsibirin Iki, mutum 53 suka mutu. A Nara kuwa cewa ake haru ba ya shigowa sai an gama Omizutori, hidimar neman gafara da ake yi a harabar Todai-ji daga 1 zuwa 14 ga Maris, wadda tun 752 ba a taɓa tsallake shekara ba. Kowane dare ana zagaya baranda da manyan sandunan gora masu ci da wuta, tartsatsi na zubo wa jama'a, su kuma suna murna don sun ɗauke shi kariyar shekara. A waɗannan makonni kaɗai ake samun nori-koboshi, abin zaƙi mai siffar jan furen tsubaki da ɗigon fari.

Ranar 3 ga Maris ta 'ya'ya mata ce, hina matsuri. Abin da ido ke gani 'yan tsana ne a jere kan matakala mai jan ƙyalle, sarki da sarauniya a sama, fadawa da makaɗa a ƙasa, cikakken jeri hawa 7 da 'yan tsana 15. Amma asalin 'yar tsanar ba ado ba ne. A da, akan yanka takarda da siffar mutum, a shafa a jiki don ta kwashe cuta da rashin sa'a, a saka a kogi ruwa ya tafi da ita. Har yau ana yin haka a Mochigase ta lardin Tottori da wurin bautar Shimogamo a Kyoto. 'Yar tsanar ɗaki wannan aiki ta gada, ita ke karɓar sharri a madadin yarinya, kuma ana camfa cewa in aka yi jinkirin kwashe su bayan biki, yarinyar za ta yi jinkirin aure. Ana kiran ranar bikin furen momo, icen da suka ɗauka mai korar iskoki, alhali ranar 3 ga Maris momo bai buɗe ba a yawancin ƙasar. Sauyin 1873 ke nan. A tsohuwar kalanda ranar tana faɗowa ne wajen farkon Afrilu.

Abin zaƙin ranar hishi mochi ne, hawa uku: kore a ƙasa, fari a tsakiya, ruwan hoda a sama. Ana karanta shi kamar hoto, ciyawa na tsirowa ƙarƙashin dusar ƙanƙara, fure a samanta. Sai dai launukan nan tun asali magani ne. Ja a wajensu launin kariya ne. Koren kuma daga ganyen yomogi ne, ɗan'uwan tazargade, wanda suka yarda ƙamshinsa mai ƙarfi na korar sharri. Shi ake kirɓawa cikin mochi a yi kusa mochi, "mochin ciyawa", kuma sabon toho ake tsinka, kafin ganye ya tsufa ya yi ɗaci.

Wanda kika gani da ganye shi ne sakura mochi, kuma iri biyu ne. Na Tokyo ana ce masa Chomeiji. A 1717 wani mai gadin gidan bautar Chomeiji a bakin kogin Sumida, Yamamoto Shinroku, wanda aka ce sharar ganyen sakura ce ta ishe shi, ya gwada jiƙa ganyen a gishiri, ya naɗe mochi da shi, ya kasa a bakin ƙofa. Ya kuwa dace da zamani, don a shekarun nan ne shogun Tokugawa Yoshimune, mai riƙe da mulkin soja, ya sa aka dasa sakura a bakin Sumida da tudun Asukayama domin talakawa su sami wurin shaƙatawa. Shagon zuriyarsa na nan a wurin har yau. Irin wannan da ƙullin fulawa ake yinsa, a zuba a kasko ya yi falle siriri, a naɗe damun waken "an" a ciki. Na Osaka da Kyoto shi ne Domyoji, dunƙule mai tsaki-tsaki, daga shinkafa mai danƙo da aka turara, aka shanya, aka ɓarza. Sunan na wani gidan bauta ne kusa da Osaka inda aka daɗe ana yin wannan busasshiyar shinkafa, guzurin matafiya da mayaƙa.

Sirrin a ganyen yake. Ɗanyensa a kan bishiya ba shi da wani ƙamshi. Sai ya sha gishiri sinadarin kumarin ke fitowa, kuma shi ne ƙamshin da ɗan Japan ke ji ya ce haru ya zo. Ba kowace sakura ake tsinka ba, sai irin Oshima, mai faffaɗan ganye marar gashi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ganyen daga ƙaramin gari ɗaya yake fitowa, Matsuzaki, a zirin Izu na lardin Shizuoka. Da hannu ake tsinkarsa daga Mayu zuwa Agusta, a ɗaure 50-50, a jera a manyan ganguna da gishiri, ya yi wajen wata shida. Wato ganyen da ake ci a Maris na bara ne. An fara shirin haru tun ana tsakiyar zafi. A ci ganyen ko a cire? Gardama ce da ba ta ƙarewa. Shagon Chomeiji na asali shawararsa a cire, don aikin ganyen ba da ƙamshi ne da hana bushewa. Ni dai a na Domyoji ina tare da masu ci da ganyen, domin gishirin nan shi ke tada zaƙin waken, ya hana shi gundurar da baki.

Ranar 20 ko 21 ga Maris dare da wuni ke daidaita, ranar hutu ce a dokar ƙasa tun 1948. Ita da kwana uku kafinta da uku bayanta su ne higan, "ɗaya gaɓar", wato inda matattu suka ƙetara a fahimtar mabiya Buda. Ran nan rana na faɗuwa yamma sak, inda suka yi imani aljannar Amida, ɗaya daga cikin Budodinsu, take, don haka suke ganin duniya biyun sun fi kusanta. Iyali kan je kaburburan iyaye, su wanke dutsen, su cire ciyawa, su sa fure da turare. Abin da ake kaiwa botamochi ne: shinkafa da aka yi wa rabin kirɓi, aka dunƙula, aka lulluɓe da damun waken "an". Jan wake kariya, sukari kuma a zamanin da kaya ne mai tsada da ake shigo da shi ta Nagasaki, sai wanda ake girmamawa. Abinci ɗaya ne amma suna biyu gare shi, a haru botamochi daga furen botan, a kaka ohagi daga furen hagi. Har damun waken kan bambanta. A kaka sabon wake ne mai laushin fata, sai a bar shi da fatarsa. A haru ya yi watanni a rumbu fatar ta yi tauri, sai a tace. Suna da karin magana, "botamochi ya faɗo daga saman kantar ɗaki", shi ne namu "tsuntsu daga sama gasasshe".

Sai a ƙarshe sakura. An rubuta cewa Sarki Saga ya yi zaman kallon furenta a lambun Shinsen-en na Kyoto a 812, amma manoma nasu kallon daban ne: a wurare da dama furenta alama ce ta fara aikin shinkafa, kuma akwai imanin cewa abin bautar gona na saukowa daga dutse a wannan lokaci. Yawancin sakurar biranen yau iri ɗaya ce, Somei Yoshino, da aka samar a ƙauyen Somei, cikin Tokyo ta yanzu, a ƙarni na 19, kuma ta hanyar aure ake yaɗa ta, kamar mangwaro ɗan aure. Tunda duk jini ɗaya ne, a gari ɗaya tare suke buɗewa tare suke kaɗewa, cikin mako biyu an gama. Masani Yasuyuki Aono ya tattara ranakun cikar furen Kyoto daga tsofaffin rubuce-rubuce tun ƙarni na 9, kuma a 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, wanda a lokacin ba a taɓa ganin da wuri haka ba cikin shekara 1,200. A gindin bishiyar, lokacin zaman kallon fure da suke kira hanami, dango ake ci, wato curin garin shinkafa, uku a tsinke, ruwan hoda, fari, kore.

Batun ci ga Musulmi, wagashi na gargajiya galibi tsiro ne zalla: shinkafa, wake, sukari, ganye. Abin daskarar da shi ma kanten ne, daga ciyawar teku, ba jelatin na dabba ba. Inda ake taka-tsantsan shi ne barasa. Na kanti da aka rufe a leda sau da yawa ana sa masa kaɗan don ya daɗe, kuma a jikin takarda za a ga harafin 酒. Mirin, giyar girki mai zaƙi, takan shiga miyar dango da haɗin ehomaki, sake manju kuwa da tsimin giya ake kumbura shi. Shirozake, farin abin sha na bikin 'ya'ya mata, giya ce sak. Amazake iri biyu ne, na tsimammiyar shinkafa marar barasa da na dusar giya, sai an tambaya. Na zamani masu kirim da santsi na iya ɗauke da jelatin. Abin da ake sayarwa a shago kayan kasuwa ne. Wanda aka kai wa abin bauta ko kabari kuwa, hukuncinsa sai a koma ga malamai. A kula kuma da tsofaffi da yara, don mochi na maƙalewa a maƙogwaro, duk shekara yana kashe mutane a Japan. Sai an yanka shi ƙanana.

In kina son gwadawa, fara da botamochi. Azuki da wakenmu 'yan gida ɗaya ne, kuma Japanawa sun san wakenmu, sasage suke ce masa. A yankin Tokyo ma shi suka fi so a jar shinkafar biki don fatarsa ba ta fashewa. Ki dafa jan wake, ki zubar da ruwan farko, ki sake dafawa ya yi luguf, sannan ki zuba sukari kusan nauyin busasshen waken, da ɗan gishiri, ki yi ta juyawa a wuta kaɗan har ya kama jikinsa. Kada sukari ya shiga kafin waken ya nuna, in ba haka ba zai ƙi laushi. Shinkafa mai danƙo sai a shagon kayan abincin Asiya. Ta tuwo za ta dunƙulu amma ba za ta tale ba. Tazargade kam kada ki sa shi a madadin yomogi, ɗacinsa ya wuce na abinci.

Zuwa ƙarshen Afrilu tsofaffin shaguna sun janye sakura mochi. Dare na 88 daga risshun, wajen 2 ga Mayu, shi ne na tsinkar sabon shayi, manoma kuma su ce raɓa mai daskarewa ta yi sallama. A shago sai kashiwa mochi, na bikin yara na 5 ga Mayu, naɗe da ganyen kashiwa, icen da tsohon ganyensa ba ya faɗuwa sai sabo ya fito, fatan kada zuriya ta yanke. Shi wannan ganyen ba a cinsa, cirewa ake yi.